Lambu a Barandar Bene: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan karon daga mazauna gidajen bene suke, mutanen da ba su da ko taku ɗaya na ƙasa, amma suna da baranda da kuma sha'awar ganin kore a cikinta. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. A hawa na uku nake zaune, barandata tsawonta mita 3 ne, faɗinta mita 1. Ina so in shuka tumatir da ganye, amma ban taɓa shuka komai ba. Ta ina zan fara? (Wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki sayi iri ko tukunya, ki ba barandar kwana biyu kina lura da rana. Duk bayan awa ɗaya ki leƙa, ki rubuta inda rana ta faɗa kai tsaye a daɓen, ba haske kawai ba. Wannan lissafin shi zai zaɓa miki abin shuka. Tumatir, tattasai, barkono da kokwamba suna son awa 6 zuwa 8 na rana kowace rana. In ba su samu ba, za su yi tsawo, su yi ganye, amma 'ya'ya ba za su taka kara su karya ba. Latas, alayyafo, albasa mai lawashi, na'a-na'a da faski kuwa awa 3 zuwa 4 ta ishe su.

Gefen da barandar take kallo yana da muhimmanci. Ta gabas tana samun ranar safe mai sauƙi, ganyayyaki sun fi jin daɗinta. Ta yamma tana shan ranar la'asar mai zafi, ga bango ya riga ya ɗumama yana maido da zafin, don haka tukwanenta sun fi saurin bushewa. Ki kuma tuna cewa hanyar rana tana gusawa a cikin shekara, kusurwar da ke samun rana yau tana iya komawa inuwa bayan wata huɗu.

In kin samu awa 6, ki fara da tukwane huɗu ko biyar kacal: tumatir ɗaya, barkono ɗaya, doguwar tukunyar latas, da na'a-na'a a tata tukunyar ita kaɗai, domin saiwarta rarrafe take yi, cikin 'yan makonni ta shaƙe duk abin da aka haɗa ta da shi. Muna hana masu farawa cika baranda tun ranar farko, saboda kowace tukunya sai an san halinta na shan ruwa, kuma mutum ba ya iya koyon halin tukwane ashirin lokaci ɗaya.

Girman tukunya shi ne inda aka fi kuskure. Tumatir guda ɗaya yana son tukunya mai cin lita 20, zurfinta aƙalla santimita 30. Barkono ko tattasai, lita 10 zuwa 15. Latas zurfin santimita 15 ya ishe shi, a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin kowane tushe. Karas sai zurfin santimita 25 zuwa 30, ba kuma a dasa shi, a inda zai girma ake shuka irinsa. Wajen sayen irin tumatir ki nemi gajere, wanda yake tsayawa da kansa in ya kai wani tsawo, ko mai ƙananan 'ya'ya. Dogon nan mai hawa har mita biyu wahala zai ba ki a ƙaramar baranda.

Tambaya: Ina da tsofaffin bokitai. Zan iya ɗebo ƙasa daga fili in cika su? An kuma ce in zuba tsakuwa a gindin bokitin don ruwa ya riƙa wucewa. (Wani mai karatu)

Amsa: Malam, bokiti yana aiki sosai, muddin ba a taɓa zuba fenti, man inji ko maganin ƙwari a cikinsa ba. Ka huda gindinsa wuri shida zuwa takwas, kowace huda faɗin santimita 1. Ƙusa mai zafi ma tana yi. Bokitin da ba huda ba tukunyar shuka ba ne, komai kyansa. In baƙi ne, ka shafa masa farin fenti ta waje ko ka naɗe shi da buhu, domin baƙar roba a rana tana zafi har ta dafa saiwoyin da ke jikin bangonta.

Ƙasar fili ita kaɗai ba ta yi. A gona akwai tana da ƙwari masu huda ta, ga zurfi da ruwa zai bi ya tafi. In aka kulle ta a bokiti aka yi ta zuba mata ruwa, sai ta danƙare kamar tubali, iska ta daina shiga, alhali saiwa numfashi take yi kamar yadda take shan ruwa. Haɗin da muke ba da shawara kashi uku ne daidai wa daida da mudu ɗaya: kashi ɗaya takin da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya garin ɓawon kwakwa da aka jiƙa ya kumbura, kashi ɗaya abin da zai buɗe ƙasar, wato buntun shinkafa, ko fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi da ake kira falayit, ko yashi mai gwaɓi. In dole sai ka sa ƙasar fili, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka jiƙa haɗin, ka dunƙula a hannu. In ya dunƙule, kana taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya zauna kamar yumɓu yana ƙyalli, ƙara buntu.

Takin dabbobi ɗanye kada ya shiga tukunya, musamman kashin kaji, yana ƙone saiwa. Sai ya yi watanni ya ruɓe, ya yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa.

Maganar tsakuwa kuwa tsohuwar shawara ce da ta yaɗu, amma ba ta yin abin da ake zato. Ka jiƙa soso ka ɗora shi a kan tsakuwa, za ka ga bai saki ruwansa ba don yana kan tsakuwa. Haka ƙasa take: ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika taf. Saboda haka tsakuwar ba abin da ta yi sai rage wa saiwa wuri, da ɗago jiƙaƙƙen ɓangaren ƙasar ya matso kusa da tushen shuka, ga ƙarin nauyi a banza. Ka sa ɗan guntun raga ko tsumma a kan hudojin don kada ƙasa ta zube, ka cika bokitin da haɗinka, ka bar santimita 3 daga baki don ruwa ya samu wurin tsayawa lokacin ban ruwa.

Tambaya: Kullum ina ba shukokina ruwa safe da yamma, amma suna yaushi, ganyen ƙasa yana yin rawaya yana zubewa. Na ƙara ruwan, abin ya ƙara lalacewa. Don Allah me ke faruwa? (Wata mai karatu)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a yau, domin ruwa ya fi ƙwari kashe shukar tukunya. Abin da ke ruɗa mutane shi ne shukar da ƙishi ya kama da wadda ruwa ya yi wa yawa duk yaushi suke yi. Ta biyun saiwarta ce ta ruɓe don rashin iska, ta kasa jan ruwa, sai ganye ya langaɓe alhali tukunyar tana cike da ruwa. Mai shuka ya ga yaushi, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Ki daina ba da ruwa da agogo. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki bar ta. In ta bushe, ki ba ta ruwa a hankali, a gindi ba a kan ganye ba, har ki ga ya fara fita ta ƙasa. Yayyafi kaɗan-kaɗan saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwoyi su taru a sama inda zafi ya fi yawa. Ki kuma saba da ɗaga tukunyar ta gefe ɗaya. Bayan 'yan kwanaki hannunki zai riƙa gane nauyin mai ruwa da na busasshiya tun kafin ki taɓa ƙasar. A lokacin zafi da iska ƙaramar tukunya tana iya neman ruwa sau biyu a rana, a lokacin sanyi kuma ta yi kwana uku ba ta nema ba. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba saurin bushewa, domin jikinta ma yana fitar da ruwa. Safiya ce lokacin da ya fi dacewa da ban ruwa.

Yanzu ga abin da za ki yi da waɗanda suka kamu. Ki kife tukunya ɗaya a tafin hannu, ki zare shukar da ƙasarta, ki duba. Saiwa mai lafiya fara ce, mai ƙarfi. In kin ga ta yi ruwan kasa, tana narkewa a yatsa, tana tsami, ta ruɓe. Ki yanke ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, ki sake dasa ta a sabon haɗi, ki ajiye ta a inuwa kwana huɗu ko biyar, kada ki sa taki. In fiye da rabin saiwar ta tafi, gara ki sake sabuwa.

Ki duba farantin da ke ƙarƙashin tukunyar ma. Yana da amfani don kada ruwa ya zuba wa maƙwabtan ƙasa, amma in an yi minti 30 da ban ruwa a zubar da abin da ya taru. Ruwan da ya kwana a faranti yana ruɓar da saiwa, kuma sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 kawai yake buƙata.

Akwai kishiyar wannan matsalar. Wani lokaci ƙasa takan bushe ƙayau har ta janye daga bangon tukunya. Kina zuba ruwa sai ya bi ta gefe ya fice nan take, ki ɗauka ta ƙoshi, alhali cikinta ko ɗigo bai shiga ba. Maganinsa ki tsoma tukunyar a bahon ruwa har rabinta na minti 30, ta sha ta ƙasa. Daga nan ki lulluɓe saman da busasshiyar ciyawa ko buntu kauri santimita 3, ki ɗan janye shi daga jikin karan.

Tambaya: Maigidana yana tsoron kada nauyin tukwane ya yi wa barandar illa. Yana da gaskiya? (Wata mai karatu)

Amsa: Yana da gaskiya, Hajiya. Bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasar fili yana kaiwa kilo 35. Guda goma sun zama kilo 350 da ke zaune dare da rana. Haɗin kwakwa da buntu bai kai rabin haka ba. Ku tambayi mai gidan ko injiniyan gini abin da barandar za ta iya ɗauka, domin gini ya bambanta, wasu gidajen ma suna da dokar abin da aka yarda a ajiye. Manyan tukwane su zauna jikin bangon ɗaki, inda daɓen ya fi ƙarfi, ba can bakin baranda ba, kuma a rarraba su. A ɗora su a kan 'yan katakai don ruwa ya wuce ta ƙasa, kada ƙasa ta toshe magudanar barandar.

Abu biyu kuma da suka fi nauyi haɗari. Kada a ɗora tukunya a kan shingen ƙarfe ko a rataya ta ta waje, iska tana jefo ta a kan mai wucewa. In kuma akwai ƙananan yara a gidan, duk tukunyar da ke jikin shinge ta zama matakala, yaro zai taka ya leƙa. A janye su.

Tambaya: Tumatirina ya yi kore shar, ya yi fure da yawa, amma furen zubewa yake yi. 'Yan 'ya'yan da suka fito kuma gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Cuta ce? (Wani mai karatu)

Amsa: Malam, matsala biyu ce, kuma ba ɗayar da take cuta mai yaɗuwa. Zubewar fure tana da dalilai uku da aka fi gani. Na farko zafi: in rana ta wuce digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, dare kuma bai sauko ƙasa da 24 ba, garin furen yana lalacewa, furen ya bushe ya faɗi. Ka rataya raga mai rage rana ta gefen yamma, ka ci gaba da kula da shi, in zafi ya sassauta zai kama 'ya'ya. Na biyu rashin barbara. Furen tumatir namiji da mace a haɗe suke, amma sai an girgiza shi garin yake zuba. A gona iska da wasu ƙwari ke yin wannan aikin. A baranda mai rufi, ka riƙa ɗan kaɗa reshen furen da yatsa da hantsi, duk bayan kwana biyu. Kokwamba da kabewa kuwa furensu daban-daban ne: macen tana da ɗan ƙaramin ɗa a bayanta, namijin siririn kara ne kawai. In zuma ba ta hawowa benenka, ka tsinki namijin da safe, ka cire ganyen furen, ka goga tsakiyarsa a tsakiyar macen.

Na uku shi ne koren nan da ka yaba. Takin da sinadarin naitirojin ya yi masa yawa ganye yake sawa, ba 'ya'ya ba. Da zarar fure ya fara, ka koma takin da lambar ƙarshe cikin lambobi ukun da ke jikin buhunsa ta fi girma, wato mai yawan fotashiyam.

Baƙin gindi kuwa sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan tumatir ba. Yawanci akwai shi a ƙasar, amma cikin ruwa yake tafiya, don haka in tukunya ta bushe yau, gobe aka cika ta, jibi ta sake bushewa, tafiyarsa sai ta yanke. Ƙaramar tukunya ita ke jawo wannan hawa da saukar. Ɓawon ƙwai da ake cewa a zuba ba zai ceci wannan kakar ba, yana daɗewa ƙwarai kafin ya narke. Ka tsinke waɗanda suka yi baƙi, ka lulluɓe ƙasar, ka daidaita ban ruwa. 'Ya'yan da za su biyo baya sukan fito lafiya.

Tambaya: Tun da na sa taki a haɗin ƙasa, sai na ƙara wani kuma? (Wata mai karatu)

Amsa: Sai kin ƙara. Duk ruwan da ya fita ta gindin tukunya yana tafiya da abinci, bayan mako 4 zuwa 6 abin da ke ciki ya ja baya. Alamar farko tsofaffin ganyen ƙasa su yi rawaya gaba ɗaya, girma ya tsaya. In takin ruwa kike amfani da shi, ki haɗa rabin abin da aka rubuta a jikin kwalbar, ki ba su duk mako biyu. In na zamani ne mai ƙwaya, irin 15-15-15, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi tukunyar lita 10 a wata. Ki barbaɗa shi a gefen tukunya nesa da kara, ki rufe da ƙasa, ki ba da ruwa. Kada ki sa taki a busasshiyar ƙasa ko ga shukar da ke yaushi. In kin ga fari-fari kamar gishiri a saman ƙasa, bakin ganye yana ƙonewa, taki ya yi yawa. Ki kankare saman, ki kwarara ruwa mai yawa ya wanke tukunyar.

Tambaya: Ganyen barkonona yana nannaɗewa, yana danƙo, ga tururuwa suna hawa da sauka. A hawa na biyar daga ina ƙwari suka zo? (Wani mai karatu)

Amsa: Iska na kawo wasu, amma galibi tare da sabon dashe suke shigowa, shi ya sa ake ware sabuwar shuka mako ɗaya kafin a haɗa ta da sauran. Ka juya ganyen. Za ka ga ƙananan ƙwari kore ko baƙi sun yi cincirindo a bayansa da kan sabon toho. Kwarkwatar ganye ke nan. Ruwan shukar suke tsotsa, suna fitar da danƙo mai zaƙi, shi tururuwa ke bi. In kana taɓa shukar wasu farare ƙanana suka tashi, farin ƙuda ne. In kuma ganyen ya yi ɗigo-ɗigo kamar an soka masa allura, ga siririyar yana a tsakanin rassa, ƙananan jajayen ƙwarin nan ne masu kama da gizo-gizo, masu son wuri mai zafi da bushewa.

Ka fara da wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi. Sannan ka haɗa ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa mara ƙarfi, wanda ba bilic a cikinsa, da lita 1 na ruwa. Kana iya ƙara ƙaramin cokali ɗaya na man darbejiya, ka girgiza sosai. Ka gwada a ganye biyu tukuna, ka jira kwana ɗaya. In ba su ƙone ba, ka fesa da yamma bayan rana ta sauka, ka tabbatar ya jiƙa bayan ganye, domin sai ya taɓa jikin ƙwaron yake aiki. Ka maimaita duk kwana 5 zuwa 7 har sau uku, saboda feshin farko ba ya gamawa da ƙwai da waɗanda suka ɓuya. Maganin ƙwari mai ƙarfi na gona ba ma son ganinsa a baranda. Taku biyu ne tsakaninta da ɗakin kwana, kuma ganyen ci za a yi.

Tambaya: Irin da na shuka ya fito, amma ya yi tsawo siriri, daga baya ya kwanta ya mutu. (Wata mai karatu)

Amsa: Tsawon nan neman haske ne. Da zarar iri ya tsiro, ki kai shi inda ya fi haske. Kwanciyar kuma, in kin duba gindin karan za ki ga ya tsuke ya yi duhu daidai inda ya haɗu da ƙasa, wani naman gwari ne da ke son laima da cunkoso. Ki yi amfani da sabon haɗi, ki rage ruwa, ki bar iska ta ratsa. Zurfin shuka kada ya wuce ninki biyu zuwa uku na kaurin irin. Na latas ma ɗora shi ake yi a sama a ɗan danna. In sun yi ganye na gaskiya biyu, wato waɗanda suka biyo bayan ganyen farko da iri ya tsiro da su, ki rage su, ki bar mai ƙarfi ɗaya a kowane gurbi. Wanda aka rena a ɗaki ba a fitar da shi rana kai tsaye, ana saba masa da awa ɗaya ko biyu, ana ƙarawa har mako guda. Dashe da yamma ake yi, kuma tumatir ana binne karansa har kusa da ganyen farko, domin karan da ya shiga ƙasa saiwa yake fitarwa.

Tambaya: Zan yi tafiyar kwana biyar, ba mai ba su ruwa. Yaya zan yi? (Wani mai karatu)

Amsa: Ka tattara tukwanen wuri ɗaya a gefen da ya fi inuwa da kariya daga iska, ka ba su ruwa sosai ranar tafiya, ka lulluɓe ƙasarsu. Sannan ka ɗora bokitin ruwa a kan kujera, ya fi tukwanen tudu. Ka yanko igiyar auduga, ɗaya ga kowace tukunya, ka jiƙa ta tukuna. Baki ɗaya ya nutse har gindin bokitin, ka ɗaura masa ɗan dutse don kada ya taso, ɗayan kuma ka tura shi santimita 5 cikin ƙasar tukunya. Tumatir babba ka ba shi igiya biyu. Ka rufe bokitin da murfi ko tsumma saboda sauro. Igiyar roba ba ta jan ruwa yadda ya kamata, kuma wata igiyar tana ja fiye da kima, don haka ka haɗa komai kwana uku kafin tafiyar, ka yi alama a jikin bokitin, ka ga nawa yake raguwa a rana.